Ƙoƙon Kaka Nomau a Bakin Potomac

Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ɗan garinmu ne, ko kuma haka ya ce. A waya ya yi mini alkawarin ɗaki mai taga kusa da makaranta. Abin da na tarar a Southwest Washington wani lungu ne a ƙarƙashin bene, inda injinan wankin dukan gidan suke, an ja labule an jefa katifa. Duk wanda zai wanke wandonsa sai ya ratsa ta kaina. Da na yi magana sai ya ce, "Ƙanwata, nan Amurka ce, kowa da haka ya fara." Na ce masa ni ba da haka zan fara ba. Da haka ɗin kuwa na fara, har wata biyu.

Sunana Asabe, 'yar Bitrus mai bishara, jikar Nomau Sarkin Noma, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Bahaushiya ce ni, Kirista, jikar Bamaguje, kuma ba ɗaya daga cikin ukun da nake faɗa ƙasa-ƙasa. Na je Amurka a shekarar 2009 don in karanci tsoffin waƙoƙin mutanen Ingila, waɗanda aka rubuta shekaru sama da dubu da suka wuce, cikin wani Turanci da Baturen yau ma sai an fassara masa. A akwatina akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, da daddawa, da kuka, da ƙoƙon Kaka.

Ƙoƙon ɗan ƙarami ne, ya yi baƙi saboda hannu, an ɗinke tsagar bakinsa da zare. Da shi Kaka yake shan giyarsa da ruwansa. Bai taɓa kai shi baki ba sai ya ɗan karkata shi ƙasa, ya ɗiga, ya ce, "Baba, sha." Ni ce amaryarsa ta wasa, shi kuma angona mai warin giya, kullum muna faɗa a kan bai biya sadaki ba. Shekara ashirin babana yana yi masa wa'azi. Amsarsa ɗaya ce ba ta canjawa: "Bitrus, hanyarka mai kyau ce, ka bi ta. Amma in ni ma na bi ka, wa zai ba ubana ruwa?" Ya rasu ina 'yar shekara goma sha huɗu, ba a yi masa baftisma ba.

Zango na biyu Largo ne, wata unguwa a gefen Washington. Wata rana a jirgin ƙasa ina zazzaga wa ɗan garin namu masifa a waya, sai wata mata da ke gefena ta fashe da dariya. Ta ce, "Baiwar Allah, rabon da in ji zagi mai daɗi haka tun ina Kano." Hajiya Binta ke nan, likita ce a wani asibiti a can. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ja ni gidanta inda layin jirgin ya ƙare, ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ci ina hawaye, na ce yaji ne.

Sai da na ƙoshi mijinta ya tambaye ni, "Asabe wa?"

"Asabe Bitrus, Alhaji."

Wata baƙuwa da ke zaune ta ce, "Ikon Allah. Amma Hausarki kamar ta gado."

Na ce, "Ta gado ce, Hajiya. Kakana har ya mutu bai san akwai wani yare ba."

Hajiya Binta ta sake fashewa da dariya ta ƙara mini miya. Gidanta cike yake da dangin miji, ba inda za ta sa ni. Amma ta ba ni rigar sanyi mai nauyi kamar bargo, kuma ita da kanta, da hijabinta, ta yi ta cigiya har ta samo mini lambar wani fasto ɗan arewa. Ta ce, "Ga 'yan'uwanki can, amma tuwo a nan za ki riƙa ci."

Haka na isa Fort Washington, gidan Fasto Ishaku da matarsa Mama Rahila. Zan faɗi alherinsu tun yanzu, don kada abin da zai biyo baya ya sa wani ya ɗauka miyagu ne. Sun ba ni ɗaki mai taga ta gaske, ana hango bishiyoyin bakin kogin Potomac. Mama Rahila mace ce mara yawan magana, mutuniyar ƙasar Tudun Wada, ita ta koya mini hawa bas da yadda ake taka ƙanƙara ba a faɗi ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a sanyin farko, Baba Fasto da kansa ya share dusar ƙanƙara daga ƙofa ya kai ni asibiti. Cocinsu ƙarami ne, na 'yan Afirka, suna aron ɗakin wani babban coci na Turawa ranar Lahadi da rana. Ƙaramin cocin nasu ne daga baya ya rubuta wa makarantata takardar ɗaukar nauyina, cewa ci da kwanana suna wuyansu. Ba wannan takarda, ba izinin zama.

A makaranta kuwa, ranar farko Farfesar da ke koyar da tsoffin waƙoƙin, wata tsohuwa mai farin gashi da sanda, ta dube ni cikin ladabi ta tambaya ko na yi ɓatan aji, domin adabin Afirka a bene na sama yake. Raina ya ɓaci. Na ce mata Turawa sun zo ƙauyukanmu sun zauna sun rubuta littattafai a kan kakanninmu, ba wanda ya ce sun yi ɓatan aji. Ni ma na zo ne in duba nasu kakannin. Sai ta nuna mini kujerar da ke kusa da ita.

Karatun ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Haruffan ma wasu ban taɓa ganinsu ba. A bas nake haddar kalmomi, a jirgi nake fassara, wata rana layi biyar kacal zan iya daga Fort Washington har makaranta. Amma da harshen ya fara buɗe mini, sai na ji ƙamshin gida. Mutanen cikin waƙoƙin nan suna shan giya a zaure suna yi wa kansu kirari. Suna ɗaukar fansa, suna binne mamaci da kayan aikinsa, suna cewa abin da aka rubuta wa mutum ba ya wuce shi. In bala'i ya zo sai su tafi wurin tsafi. Waɗanda suka rubuta waƙoƙin kuma Kiristoci ne, jikokin mutanen. Za ka ga mawaƙi yana cikin yabon jarumi sai ya tsaya ya tuna cewa mutanen nan ba su san Allah na gaskiya ba, ya yi musu jaje, sannan ya koma kan yabonsa kamar bai ce komai ba. Har Almasihu ma wani lokaci su kan zana shi kamar sarkin yaƙi da ya shiga fage, don irin girman da suka sani ke nan.

Wata rana a aji gardama ta kaure. Rabin ɗaliban suka ce mawaƙin arne ne a zuci, Kiristancin shafe ne aka yi a sama don kada malaman coci su ƙone littafin. Rabi suka ce a'a, Kirista ne tsantsa, yana nuna ɓatan kakanninsa ne don a yi hankali. Na saurare su har na gaji, 'ya'yan da ba wanda ya taɓa ganin kakansa ya yanka zakara a gindin tsamiya. Na ɗaga hannu na ce duk ba su san mutumin ba, ni na san shi, babana ne.

Na ba su labarin ranar da aka binne Kaka. Tsofaffin gari sun kawo tulun giya za su zuba a kan kabarin, babana ya tsaya ya hana, ya buɗe Littafi ya yi wa'azi har 'yan'uwansa suka yi fushi suka watse. Washegari da sassafe na fita ɗebo ruwa, sai na hango shi durƙushe a bakin kabarin shi kaɗai, da ƙoƙon a hannu. Ya ɗiga ruwa ya ce, "Baba, sha." Sannan ya rufe ido ya yi addu'a cikin sunan Yesu. Da ya juyo ya gan ni sai ya miƙo mini ƙoƙon. Na ce wa 'yan ajin ba ƙarya yake yi a wa'azin ba, ba kuma ƙarya yake yi a bakin kabarin ba. Mutum ne da ya karɓi sabuwar hanya da zuciya ɗaya, amma bakinsa ya ƙi ya jefa ubansa a wuta.

Farfesa ta buga sandarta a ƙasa ta ce wannan shi ne kundin digirina. Sai dai aikin ya fi ƙarfin shekara biyun da aka ba ni, dole a ƙara mini shekara. Ofishin ɗalibai baƙi ya ce in kawo sabuwar takardar ɗaukar nauyi kafin ƙarshen wata. Ban damu ba, ai Baba Fasto kamar uba yake.

A cikin watan ne coci ya fita shan iska bakin Potomac, lokacin zafi. Mama Rahila ta dama kunun zaki, ni kuma na ga kunun zaki a kofin roba bai dace ba, na ɗauko ƙoƙon. A ɗakina kullum da shi nake sha, in ɗiga a tukunyar furen da ke taga, ba wanda ya taɓa gani. Ranar kuwa ga ƙasa ta gaske a ƙarƙashin ƙafata. Hannuna ya riga tunanina. Na karkata ƙoƙon na ce, "Kaka, sha." Ina ɗago kai muka haɗa ido da Baba Fasto, yana riƙe da cokalin juya nama.

Bai yi magana a can ba, sai da muka koma gida ya kira ni falo. Mama Rahila tana zaune a gefe, kanta a ƙasa.

"Asabe, me na gani yau?"

"Baba, ba bauta ba ce. Gaisuwa ce."

"Da gaisuwa ake farawa, 'yata." Ya ƙara da cewa, "Ni na san wannan abin, ba a littafi na karanta ba. Yayana ciwon ciki ya yi, asibiti tafiyar sa'a ɗaya. Ubanmu ya ce sai an tambayi kan gida, iskan da zuriyarmu ke bauta wa. Kwana uku ana yanka kaji ana zuba giya a ƙasa, yaron yana birgima har ya mutu a hannuna. Wannan ƙoƙon da kike gani kamar kayan ado, ni gawa nake gani."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba, domin ba ƙarya ba ce. Na san irinta a ƙauyenmu. Ya ce Lahadi mai zuwa akwai taron godiya a bakin kogi tare da Turawan babban cocin. Zan tashi in ba da shaida yadda Ubangiji ya fisshe ni daga duhu, in jefa ƙoƙon a wuta a gaban jama'a. Ranar Litinin ya sa hannu a takardata. Ya ce ba zai iya tsaya wa tsafi a ƙarƙashin rufinsa ba. Ya miƙo mini shaidar a rubuce, ya riga ya buga ta.

Na karanta ta a ɗaki. Yawancinta zan iya faɗa ba tare da na ji komai ba. Amma a tsakiya akwai layi ɗaya: kakana bawan Shaiɗan ne, yanzu yana cikin wuta, na yanke duk wata igiya tsakanina da shi.

Na kira babana. Na gaya masa komai, ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya ce, "Ƙoƙo ƙwarya ce, Asabe. Akwai irinta a kasuwa. Ki ƙone, ki gama karatunki." Na karanta masa layin. Sai na ji numfashinsa ya canja. Ya ce, "Ni dai shekara talatin ina wa'azi ban taɓa faɗin wannan ba. Hukunci na Allah ne." Bai ce in faɗa ba, bai ce kada in faɗa ba.

Farfesa ma na gaya mata. Ta ce ita ba za ta iya tsaya mini ba, dokar makaranta ta hana malami ɗaukar nauyin ɗalibinsa. Shawararta ita ce in karanta takardar in wuce, ai kalmomi ne kawai. Na dube ta, matar da ke iya kwashe mako guda tana auna kalma ɗaya ta mutumin da ya mutu shekara dubu. Na ce, "Ke ce yau kike ce mini kalmomi ne kawai?" Ta kau da kai.

Wallahi na yi niyyar faɗa. Na koma wurin Baba Fasto na roƙe shi ya cire layin kawai, in ƙone ƙoƙon, ya ce layin shi ne shaidar. Na tsaya gaban madubi na gwada har sau uku. Duk sanda na zo kan sunan sai in ga tsohon yana yi mini dariya da haƙoransa biyu, yana cewa amarya ta yi yaji. Mutumin da ya goya ni zuwa gona, wanda a shekarar yunwa ya buɗe rumbunsa ga Musulmi da Kirista bai tambayi kowa addininsa ba.

Ranar Lahadi an cika bakin kogin. Turawa sun zauna a kujerun gaba da faranti a cinya, suna murmushin nan nasu na jiran labarin Afirka. An ja murhun gasa nama kusa da inda zan tsaya, gawayi ya yi ja. Aka kira ni. Na fito da takarda a hannun hagu, ƙoƙo a dama.

Na karanta farkon kamar yadda aka rubuta. Na ce na gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na kuma faɗa da ƙarfi domin gaskiyata ce, jama'a suka ce amin. Da na zo kan layin sai na ninke takardar. Na ce da Turanci, don waɗanda ke kujerun gaba su ji da kyau, an ce in gaya muku kakana yana wuta. Ban sani ba. Ba a ba ni mabuɗin wurin ba, ba a kuma ba kowa a nan ba. Na ce kakanninku ma sun yi tsafi, sun zuba giya a ƙasa, ni na karanta, shekara biyu ina karantawa. Jikokinsu da suka karɓi Almasihu ba su tofa musu yawu ba, waƙa suka yi musu, kuka adana waƙar a gilashi kuna alfahari da ita. Ni ban iya waƙa ba, ƙoƙo nake da shi.

Sai na juya ga Baba Fasto na koma Hausa. "Baba, ka yi mini abin da ubana ne kawai zai yi mini, ba zan manta ba. Abin da ya sami yayanka mugun abu ne, Allah ya isa. Amma Nomau bai kashe kowa ba, kuma ba zan saya wa kaina takarda da shi ba."

Na ɗauki gorar ruwa daga kan tebur na tsiyaya a ƙoƙon. Na ɗiga a ƙasar Amurka na ce, "Kaka, sha." Na shanye sauran.

Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi ihu. Wata Baturiya ta fara ɗaga hannu za ta tafa, ta ga ita kaɗai ce ta mayar da shi kan farantinta. Baba Fasto ya rufe murhun da murfinsa a hankali, ya ce a tashi a yi waƙa.

Ya ba ni kwana uku. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ƙara kallona ba. Na kira Hajiya Binta, ban gama bayani ba ta ce, "Ke dai bakinki zai kashe ki. Haɗa kayanki, gani nan zuwa ranar Laraba."

Ranar Laraba ina haɗa kaya Mama Rahila ta shigo ta turo ƙofa. Tun ranar taron ba ta ce mini uffan ba, na ɗauka ta zo karɓar mabuɗi ne. Ta ga na cusa ƙoƙon cikin takalma. Ta ce, "Haka ake ajiye ƙwarya? Fashewa za ta yi." Ta kwance ɗankwalin kanta, ta naɗe ƙoƙon da kyau, ta sa shi a tsakiyar tufafi. Hajiya ta yi hon a waje. Na durƙusa zan yi mata godiya, sai ta riƙe hannuna gam, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Sunan babana Dari," ta ce. "Shekara ashirin da shida ba wanda ya ba shi ruwa."

Ta saki hannuna ta fita, ta tsaya kusa da mijinta a bakin ƙofa, kanta ba ɗankwali.

Hajiya ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin 'ya'yanta. Ita da Alhaji sun yi iya ƙoƙarinsu, ya ma yarda ya tsaya mini, amma kafin takardunsu su kammala wa'adin ya wuce. Na dawo gida a ƙarshen shekarar 2011 ba digiri, da rabin kundi a jaka. A ƙauye an yi ta magana, wasu sun ce kora ta aka yi, wasu sun ce iskokin Nomau ne suka jawo ni. 'Yar'uwar babana har yau in ta gan ni sai ta ce ga wadda ta sayar da Amurka da ƙwarya. Nakan ce mata ƙwaryar ta fi tsada ne. Ina jin zafin digirin nan, ba zan ɓoye ba, wata rana in ina koyar da 'yan sakandare Turanci sai abin ya dawo mini sabo. Amma da za a sake miƙo mini takardar nan, a daidai layin nan zan sake ninke ta.

Ƙoƙon yana nan, ɗankwalin ma yana nan. Ranar Lahadi in na dawo daga coci nakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida in tsiyaya ruwa. Babana, wanda yanzu ya tsufa, yakan juya kai kamar yana duban kaji. Sai in karkata ƙoƙon sau biyu.

"Nomau, sha. Dari, sha."